Kilomita takwas da suka zaunar da ni

Da Yaya ya ce min kilomita takwas ne kawai, dariya na yi. Ni da na gama gudun yada-ƙanin-wani na Legas, kilomita 42 cur cikin zafin Fabrairu, ni za a tsorata da takwas? Bai ko ɗago kai daga kofin shayinsa ba, ya ce, "To, Allah ya kai mu goben. Ka dai ci tuwon nan da kyau."

Na je wurinsa ne a birnin Portland na jihar Oregon, can arewa maso yammacin Amurka, 'yan makonni bayan ƙaramar Sallah ta 2023. Ya san ni da gudu tun muna gida. Kullum bayan asuba sai na bi titin Jami'ar Bayero na dawo kafin 'yan adaidaita sahu su cika hanya. Shi kuwa a Kano ko titi ba ya tsallakawa da sauri. Sai da likita ya ce sukarinsa ya fara hawa sannan ya shiga gudun daji, ga shi yanzu takalma iri uku ne a bakin ƙofarsa.

A watan Mayu asubar can tana yi tun wajen ƙarfe huɗu. Abin da ya fara rikita ni ma alƙibla ce. Mu da muka taso gabas da alƙibla abu ɗaya ne a bakinmu, sai na ga Yaya ya shimfiɗa darduma tana kallon arewa, ta ɗan karkata gabas kaɗan. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ya ce duniya ƙwallo ce, hanya mafi kusa zuwa Makka daga nan ta saman ƙasashen ƙanƙara take bi. Na tayar da kabbara zuciyata tana ta wasi-wasi.

Muka kama babbar hanya mai lamba 84 muka nufi gabas. Bayan kamar minti ashirin gidaje suka ƙare, Kogin Kolumbiya ya bayyana a hagunmu, mai faɗi kamar Kwara a Lakwaja, a dama kuma baƙin dutse ya miƙe tsaye, itatuwa sun lulluɓe shi, hazo yana rataye a wuyansa. Kwazazzabo a wurinmu shi ne ramin da zaizayar ƙasa ta ci a bayan gari, inda ake zubar da shara. Wannan kwazazzabon na Kogin Kolumbiya kuwa tsawonsa ya kai kilomita 130, zurfinsa a wasu wurare mita 1,200. Kogin ne ya tsaga tsaunukan Cascade gida biyu a hanyarsa ta zuwa teku, shi ne kuma iyaka: Oregon a kudu, jihar Washington a arewa. Tun 1986 doka ta keɓe yankin, ba a gini yadda aka ga dama.

Kafin mu bar mota Yaya ya kwashe komai, har cajar waya, ya bar akwatin gaba a buɗe. Ya ce masu fasa gilashi sun san mai gudu zai daɗe bai dawo ba. Ashe ɓarawo bai da ƙasa.

Zagayen da muka yi ranar sananne ne: a hau ta magangarar ruwan Wahkeena, a ratsa ta sama, a sauko ta magangarar Multnomah. Takwas ɗin gaskiya ne. Abin da Yaya bai faɗa ba shi ne akwai hawan kusan mita 500 a ciki, kuma yawancinsa a kilomita uku na farko yake. Kano shimfiɗaɗɗiya ce, in ka cire Dala da Goron Dutse babu abin da za ka hau sai gadar sama. Ban taɓa lissafa gudu da tsayi ba, nisa da lokaci kawai na sani.

Na danna agogo na zura. Turbar tana hawa ne tana lanƙwasa, dama, hagu, dama, kamar ɗinkin bakin riga. Na wuce gadar dutsen da ke gaban magangarar, feshin ruwa ya jiƙa min fuska, ina jin kaina kamar doki ranar hawan daushe. Minti goma sha biyu. Daga nan ƙirjina ya fara kiɗa, cinyoyina suka zama gungume, yawu ya yi kauri. Na tsaya na dafa wani dutse kamar ina duba igiyar takalmi.

A nan wata dattijuwa ta wuce ni. Gashinta fari fat, ba za ta gaza shekara sittin da biyar ba, sanduna biyu a hannu, 'yar falmaran mai aljihunan ruwa a ƙirji. Ba gudu take yi ba, tafiya take, amma irin tafiyar matan Fulani masu tallar nono, wadda ba ta sauri ba ta tsayawa. Ta yi min murmushi ta ce barka da safiya. Ban sake ganin ko ƙurarta ba.

Yaya ya iso yana tafiya shi ma, hannuwansa a kan gwiwoyi yana tura su ƙasa da kowane taku. Ya dube ni ya ce, "Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta." Sannan ya koya min abin da kowa a can ya sani: inda hawa ya yi tsanani ba a gudu, tafiya ake yi, har gwanayen da ke cin gasa. Gudu na wurin da ƙasa ta kwanta ne da gangara. A titi in aka gan ka kana tafiya an san ka sare. A nan wanda ya nace sai ya yi gudu a kowane tudu shi ne baƙo. Wannan ya yi min ciwo fiye da cinyar, don shekara goma ina alfahari da cewa ban taɓa tafiya a tsakiyar gudu ba.

Da na daina kokawa da tudun sai na fara ganin inda nake. Kwalta ta ƙare, turbar ta koma ƙasa da duwatsu tana bin gefen rafi. Gansakuka ta rufe komai, dutse da kututture da reshe, kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Wasu itatuwan mutum uku ba za su rungume su ba, kuma miƙaƙƙu ne kamar turakun lantarki, sai ka karya wuya kafin ka ga ƙarshensu. Na kusa taka wani abu rawaya mai tsawon yatsa biyu, ashe dodon koɗi ne marar kwanso. Muka wuce wata ƙaramar magangara da ruwanta ke bazuwa a kan dutse kamar mafici, daga nan hanya ta kwanta, muka fara gudu na gaske.

Shi ma ba irin wanda na sani ba ne. Ido ba ya barin ƙasa, amma ba ƙafarka za ka kalla ba, taku uku ko huɗu a gabanka za ka riƙa karantawa. Taku gajere, ƙafa a ɗage. Saiwar da ta jiƙe ta fi sabulu santsi. Takalmina na titi tafinsa sumul ne, na Yaya kuwa yana da haƙora kamar tayar tarakta. A gangaren rafin Multnomah na taka wani shafaffen dutse, ƙafafuna suka yi gaba suka bar ni, na zauna daɓas a cikin laka. Wasu matasa biyu suka tsaya suna tambaya ko na ji ciwo. Na ce a'a. Yaya bai ce komai ba, ya dai ciro waya ya ɗauki hoto, kuma kafin azahar hoton ya isa zauren WhatsApp na gidanmu.

Multnomah daga sama muka fara ganinta, daga wani ɗan dandamali da aka kafa a daidai inda rafin ke faɗawa sarari. Mita 189 ne daga nan zuwa ƙasa, a hawa biyu. Na taɓa zuwa Gurara, na je Matsirga ta Kafanchan, amma ban taɓa tsayawa a kan leɓen ruwa ina kallon motoci kamar ƙwaro ba. Saukowa lanƙwasa goma sha ɗaya ce, kowace da lambarta a allo, sannan a bi ta gadar Benson da aka gina a 1914 tsakanin hawan sama da na ƙasa. A nan jama'a suka cika, masu tura jarirai, masu ɗaukar hoto, ni kuma da laka har ƙeya. Agogona ya ce awa ɗaya da minti arba'in. A titi da tuni na yi wanka na karya kumallo.

Washegari na gane gangara ta fi hawa mugunta. Cinyoyina suka ƙi lanƙwasuwa, ruku'u da sujada suka zama aiki, bene kuwa da baya na riƙa saukowa. Matar Yaya tana dariya tana cewa, "Sannu, zakaran Legas."

Kwanakin jinyar na yi su ina karanta yadda wurin ya samu, don abin ya tsaya min a rai: me ya sa rafuffuka ke faɗowa daga sama haka, maimakon su gangaro a hankali su haɗu da kogi? Baƙin dutsen narkakken dutse ne da ya malalo daga gabas sama da shekara miliyan goma sha biyar da suka wuce, shimfiɗa a kan shimfiɗa. Kogin ya yi ta cin sa yayin da tsaunukan ke ɗagowa. Sannan a ƙarshen zamanin ƙanƙara, kimanin shekara 15,000 baya, ƙanƙara ta toshe wani kogi a arewacin Idaho, ruwa ya taru ya zama tafki a Montana. Duk lokacin da toshiyar ta ɓalle sai tafkin gaba ɗaya ya taho, ya matse ta wannan kwazazzabo, ya kankare gindin duwatsun. Ba sau ɗaya ba, sau da dama. Rafuffukan gefe suka wayi gari an datse musu hanya, sai faɗowa. Masanin da ya fara faɗar wannan a shekarun 1920, J Harlen Bretz, 'yan uwansa masana dariya suka yi masa. Sai a 1979, yana da shekara sama da casa'in, suka ba shi babbar lambar yabonsu. Yawancin magangarun a ɓangaren Oregon suke, saboda shimfiɗun dutsen sun ɗan karkata kudu: gefen Washington yana zaftarewa ya kwanta, na Oregon yana tsayawa a tsaye.

Bayan mako guda, da sabon takalmi mai haƙora da aron falmaran, muka tafi Eagle Creek. Ita ce turbar da har yau nake mafarkinta.

Hawanta mai sauƙi ne, kusan kilomita goma zuwa inda muka nufa, tana bin rafi a hankali. Wahalarta a wani wuri take. Mutanen da suka yi ta a shekarun 1910 da nakiya suka fasa ta a jikin dutse. Ba mu yi nisa ba sai na ga hanya ta zama shiryayye a bango: dutse a hagu, a dama babu komai sai iska, rafin yana can ƙasa yana kumfa. Faɗinta a wasu wurare bai fi tabarma ba. An kafa igiyar ƙarfe a jikin dutsen don a riƙe. Yaya ya wuce yana ɗan sassarfa kamar a tsakar gida. Ni na damƙi igiyar da hannu biyu, kafaɗata tana gogar dutse, bakina yana Hasbunallahu. Ruwa yana ɗiga daga sama yana shiga wuyan rigata. Wata mata ta taho daga gaba da karenta a ɗaure, dole ɗaya ya saki igiya. Na manne da bango na bar mata gefen ramin, ban ji kunya ba ko kaɗan.

Da muka fita daga nan sai na lura da itatuwan. Dubbai ne a tsaye babu ganye, wasu baƙi ƙirin, wasu ɓawon ya zube sun yi fari kamar ƙashi. A ƙarƙashinsu kuwa ciyayi da furanni da 'yan itatuwa sun taso har ƙirji. Yaya ya ce da can wurin nan duhu ne ko da tsakar rana, yanzu ga rana tana dukan ƙeyarmu.

Ranar 2 ga Satumba, 2017, ƙarshen rani, an hana kunna wuta a dajin, wani yaro ɗan shekara 15 ya jefa abin wasan wuta cikin wannan rafin yana tare da abokansa. Kafin dare gobara ta tare hanyar fita. Mutum wajen 150 da suka je wanka a magangarar Punch Bowl, kilomita uku kacal daga mota, da yawansu da silifa da kayan ninkaya, suka rasa ta komawa. A daji suka kwana, washegari aka fitar da su ta sama, ta tafkin Wahtum, bayan tafiyar sama da kilomita ashirin. Wutar ta ci kusan hekta 20,000, iska ta ɗauki garwashi ta tsallaka kogin da shi zuwa Washington, aka rufe babbar hanya kwanaki da yawa. 'Yan kwana-kwana ne suka tsaya suka ceci tsohon masaukin Multnomah. Yaya ya ce a Portland toka ta riƙa sauka a kan motoci kamar ƙurar hunturu, rana ta yi ja kamar gauta. Sai a 2021 aka sake buɗe turbar.

Kotu ta ce yaron ya biya sama da dala miliyan 36, ya kuma yi aikin gayya na awa 1,920. Muna tafe muna musu a kan wannan. Yaya yana ganin daidai ne, ko ba zai iya biya ba an nuna wa kowa nauyin abin. Ni kuwa ina tuna yaran unguwarmu da nokawut ranar Sallah, da yadda muke cinna wa daji wuta don gafiya ɗaya ba wanda ya tambaye mu. Ban ce a ƙyale shi ba. Amma ɗan shekara goma sha biyar da bashin da jikokinsa ba za su iya ƙirgawa ba, abin ya yi min nauyi. Ba mu daidaita ba. Abin da muka yarda a kai shi ne mu yi sauri a wuraren da alluna suka ce kada a tsaya, don itacen da ya mutu saiwarsa ta saki ƙasa, shi da duwatsun da yake riƙe da su suna iya tahowa ba sallama.

Muka tsallaka wata siririyar gada da aka ɗora a kan tsagin dutse, ruwan yana can ƙasa kamar ka leƙa rijiyar kwakware. Muka wuce wani wuri da aka fasa hanya ta kan ginshiƙan dutse, ƙasan duk ramuka kamar turame, dole a koma tafiya. Sai muka sha wata kwana, ƙara ta cika kunne.

Tunnel Falls ke nan. Ruwa yana faɗowa kusan mita 50 a cikin wani lungu mai kama da rabin tukunya, turbar kuma ta nufe shi kai tsaye a tsakiyar tsayinsa. Da masu nakiya suka iso nan ba su da ta kewayawa, sai suka huda dutsen ta bayan ruwan. Ka shiga rami mai duhu, ruwa yana ɗiga a kanka, dutsen yana rawa a tafin ƙafarka, ka fito ta ɗaya gefen ruwan yana zuba a bayan kafaɗarka. Na shiga na fito sau uku kamar yaro. Yaya yana min magana ina ganin bakinsa kawai.

Gaba kaɗan muka sami wuri muka zauna. Shi ya matse wani abu mai zaƙi daga 'yar leda, irin abincin masu gudun can, ni na ciro dabino da ƙuli-ƙulin da Hajiya ta ƙulla min. Ya ɗanɗana nawa, bai koma kan nasa ba. Ya ɗebi ruwan rafi a gora mai matata a baki, don duk haskensa ba a shan sa haka, muka sha har haƙora suna zafi.

Komowar ita ce gudun da ya fi kowane daɗi a rayuwata. Gangara ce mai laushi, kilomita goma, ƙafa ta fara gane dutse da kanta. Ina tsallake saiwa, ina kaucewa kududdufi, in na hango mutane a gaba in yi musu magana tun daga nesa su ba ni hanya, in na gamu da masu hawowa ni in ba su, don haka ƙa'idar take. A wurin igiyar ƙarfe na rage sauri, amma da hannu ɗaya na riƙe. Sai a mota na ga ashe ban danna agogon ba tun safe.

Ta uku ita ce Dog Mountain a ɓangaren Washington, ba zan daɗe a kanta ba don babu abin faɗa sai haki. Mun tsallaka ta gadar Bridge of the Gods a garin Cascade Locks, wadda daɓenta ragar ƙarfe ce, kana hango kogi ta ƙarƙashin taya. Ta kanta ne turbar Pacific Crest ke wucewa, mai kilomita 4,265 daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada, kuma akwai masu bin ta da ƙafa tun daga farko har ƙarshe. Dutsen kansa hawan sama da mita 800 ne a kilomita biyar. A wata mararraba akwai allo mai kibiya biyu, ɗaya ta ce "mai wuya", ɗaya ta ce "mafi wuya". Ban yi musu ba, na bi ta farko. A gindin dutsen Yaya ya nuna min wani ganye mai kunne uku ya ce ko da wasa kada ya taɓa fatata, ya fi karara sharri. A sama daji ya ƙare, gangaren gaba ɗaya ya zama rawaya da furanni, iska tana neman cire min hula, kogin yana kwance a ƙasa kamar zare.

Da muka sauko muka ƙara gaba da mota don ya nuna min wani abu. Cikin ƙasa da awa guda itatuwa suka yi ta raguwa har suka ɓace, tuddai suka koma ciyawa da dutse. Tsaunukan ne ke tatse gajimaren da ke tahowa daga teku. Cascade Locks tana samun ruwan sama kusan milimita 2,000 a shekara, garin The Dalles kuwa bai kai 400 ba. Kamar ka bar Inugu ka sauka Damagaram a tafiyar da ba ta kai Kano zuwa Zariya ba. Gaba kaɗan da nan ne Celilo take, inda 'yan asalin ƙasar suka yi dubban shekaru suna kamun kifin salmon a bakin wata babbar magangara, ana zuwa cin kasuwa daga nesa. A watan Maris na 1957 aka rufe ƙofofin madatsar The Dalles, cikin 'yan awoyi ruwa ya shanye ta. Mun tsaya a bakin hanya, babu abin gani sai ruwa kwance lum.

A hanyar komawa muka tsaya a Cascade Locks muka sayi kifi a hannun jikokin 'yan asalin ƙasar, waɗanda har yau suke kafa dandamalin katako a bakin kogi suna kamu bisa yarjejeniyar da kakanninsu suka yi da gwamnatin Amurka a 1855. Matar Yaya ta gasa shi da yajin ƙuli. Muna ci Yaya yana lissafa min waɗanda suka rage: Larch Mountain, da ake hawa tun daga Multnomah, mita 1,200, a hango manyan duwatsu biyar masu hular ƙanƙara, da Mount Defiance da ta fi duka tsawo, da gasar kilomita 100 da ake yi a turbobin nan a watan Afrilu. Na ce ya bari farcen babban yatsana ya gama yanke shawara tukuna, don ya yi baƙi yana lilo.

Daren nan Hajiya ta kira ta bidiyo. Ta ga hoton laka, ta ga na ramin bayan ruwa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ni dai ku faɗa min gaskiya. Me ya biyo ku?"

Na ce, "Babu komai, Hajiya, motsa jiki ne."

Ta ce, "Kuɗin jirgi har Amurka, don ku shiga daji ku yi ta gudu ba mai korar ku. Ba ni babban."

Na miƙa wa Yaya wayar, na ja farantin kifin gabana.